Abin da ya kamata ku sani idan inbata ta fi ƙarfin ƙaramin janareto

A ƙarshen Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace har jihohi da dama suka kwashe fiye da mako guda a duhu, yayana ya kira ni bayan sallar isha'i. Tun daga sallamarsa na gane ransa a ɓace yake. Yana da inbata mai kyau da batirin litiyam da bai daɗe da saye ba, amma babu farantin sola ko ɗaya a kan rufinsa, don da wutar Nepa ya saba yin caji. Kwana uku babu wuta, batir ya kusa kwantawa, sai ya jawo ƙaramin janaretonsa da ya jingine tun ranar da aka haɗa masa inbatar.

"Zo ka ga abin da ke faruwa," in ji shi. "Ko dai injin ne ya mutu, ko kuma a inbatar aka cuce ni."

Na same shi tsaye a tsakar gida da tocila a hannu. Aka ja igiya, inji ya tashi, sautinsa lafiya ƙalau. Bayan 'yan daƙiƙoƙi sai muka ji "ƙas" daga ɗakin da inbatar take. Nan take muryar injin ta nutse kamar an shaƙe shi, ya hau karkarwa, salansa ta feso baƙin hayaƙi, fitilun gidan suka shiga ƙiftawa, fanka ta rage gudu. Sai wani "ƙas" ɗin, injin ya saki kuka sama kamar ɗan dakon da aka sauke wa buhu. Ya ɗan huta, inbata ta sake cafke shi, aka koma gidan jiya. Kusan awa guda ke nan suna wannan kokawar, litar fetur a lokacin ta haura naira 1,000, batir kuma ko ɗigo bai ƙaru ba.

Na ce, "Yaya, babu abin da ya lalace. Kayan raƙumi aka ɗora wa jaki."

Abin da ya sa na ga ya dace in rubuta wannan shi ne yawan mutanen da suke asara a kan wannan matsala. Wani zai kwashi inji ya kai wa makaniki a wanke kafireto, a canja filogi, a murɗa sukurun gwamna, a dawo da shi bai sauya ba. Wani zai ci bashi ya sayo babban inji da ba ya buƙata. Wani kuma zai yi ta tilasta wa ƙaramin har ya ƙone kwil. Alhali a mafi yawan lokuta lamba ɗaya ce a cikin saitin inbatar ke buƙatar a rage ta, kuma lissafinta bai fi ƙarfin wanda ya san ninkawa da rabawa ba.

Abin da ke faruwa tsakaninsu

Inbatar zamani ayyuka biyu take yi. Idan babu wuta daga waje, tana ɗebo ta daga batir ta mayar da ita irin wadda kayan gida ke amfani da ita. Idan kuwa wuta ta shigo mata, ta Nepa ce ko ta inji, sai ta juya ta zama caja. A daidai wannan lokacin, yawancin inbatocin da ke kasuwanninmu suna sauke lodin gida daga wuyansu su miƙa shi kai tsaye ga wutar da ta shigo. Ƙarar "ƙas" ɗin da ake ji, makunnin cikinta ne ke yin wannan sauyin. Abin nufi, da zarar inbata ta karɓi inji, kaya biyu ne ke hawa kansa a lokaci guda: firij da fanka da talabijin da fitilu, sannan ga cajin batir. Mutane da yawa suna ɗauka batir kaɗai injin yake ciyarwa, gida kuma yana ci daga batir. Ba haka ba ne.

Inbata ba ta san bambancin Nepa da inji ba. Ita dai ta ga wuta. Taransifomar unguwa ba ta damuwa idan gida ɗaya ya ja wat 3,000, shi ya sa masu haɗa sola kan ɗaga ƙarfin caji sama, domin wutar da ake kawowa awa uku ko huɗu a yini dole a yi saurin cika batir kafin a ɗauke. Dabara ce mai ma'ana, kuma ban ga laifinsu ba. Matsalar tana zuwa ne ranar da aka maye gurbin taransifoma da injin da mutum biyu za su iya ɗauka da hannu.

Ƙaramin injin fetur na gama-gari dole ne ya riƙa juyawa sau 3,000 a minti ɗaya kafin ya ba da wuta mai bugawa sau 50 a daƙiƙa, wato hez 50 da kayan lantarkinmu suka saba da shi. Akwai wani ɗan ƙarfe da bakanikai ke kira gwamna, aikinsa ƙara mai idan lodi ya ƙaru domin gudun ya tsaya daidai. Idan lodin ya wuce abin da injin zai iya, gwamna ya buɗe mai har ƙarshe amma gudu ya ci gaba da faɗuwa. Hez ya sauka, bolt ya bi shi. Ita kuwa inbata tana da iyakar da ta yarda da ita. Da wutar ta fita daga wannan iyakar sai ta ce wannan ba wuta ba ce, ta sake ta ta koma kan batir. Inji ya samu sauƙi ya dawo hayyacinsa, inbata ta leƙo ta ga wuta ta gyaru, ta sake kamawa. Haka za su kwana idan ba a shiga tsakani ba.

Kuma kowane zagaye da ɓarnarsa. Wayoyin kwil suna ɗaukar zafi, na'urar daidaita bolt ta injin, wadda ake kira AVR, tana shan wahala, makunnin inbata yana cinyewa, kwamfuresar firij kuma tana tashi tana mutuwa a kan wuta mai rauni, abin da ke saurin kashe ta.

Amfiyar batir daban, ta inji daban

Nan ne kan mutane ya fi ɗaurewa, don haka bari mu ɗan zauna a kai. Bolt kamar ƙarfin turin ruwa ne a cikin bututu, amfiya kuma yawan ruwan da ke wucewa. Idan aka ninka su biyun sai a sami wat, shi ne ainihin aikin da ake yi. Inji yana ba da wuta a kan bolt 220 zuwa 230, batir kuma yana kan 12 ko 24 ko 48. Saboda haka amfiya 30 a ɓangaren batir da amfiya 30 a ɓangaren inji ba abu ɗaya ba ne, ko kusa. Wat ne kaɗai harshen da ɓangarorin biyu suke ji, shi ya sa duk lissafin sai an bi ta kansa.

Batir kuma idan yana caji ba ya tsayawa a lambar sunansa. Mai 12 yana hawa wajen 14, mai 24 wajen 28, mai 48 wajen 55 zuwa 56. Sannan caja ba ta mayar da duk abin da ta karɓa. Wani kaso yana tafiya a zafi, shi ne fankar inbata ke fitarwa. Domin a zauna lafiya, a ɗauka kashi 85 cikin 100 ne ke isa batir.

Da na duba allon inbatar yayana, an saita ta a kan amfiya 50, batirinsa kuma mai bolt 48 ne. A ninka 50 da 55, an sami wat 2,750 da ke shiga batir. A ƙara abin da ke salwanta a zafi, inji zai ba da wajen wat 3,200. Lodin gidan a daren, fanka uku da firij da talabijin da fitilu, ya kai wat 500. Jimla 3,700. Injin kuwa, da muka haska tocila a ɗan allon ƙarfen da ke gefensa, wat 2,000 ne abin da zai iya riƙewa. An nemi kusan ninki biyu na ƙarfinsa.

Ga wata 'yar ƙa'ida da ta cancanci a haddace ta. Kowace amfiya 10 ta caji tana cin kimanin wat 165 daga inji idan batir mai bolt 12 ne, wat 330 idan mai 24 ne, wat 650 idan mai 48 ne. Wannan kaɗai ya isa ya bayyana dalilin da ya sa maƙwabci mai inbatar 24 yake caji da amfiya 30 injinsa ko gezau, kai kuma mai 48 da irin wannan injin da irin wannan lambar naka yana shaƙewa. Lamba ɗaya ce a allo, amma nauyinta ninki biyu ne.

Lambar da aka rubuta a jikin inji

Babbar lambar da ke manne a tankin inji sau da yawa ba ita ce ta aiki ba. Wani lokaci lambar samfuri ce kawai, wani lokaci kuma ƙololuwar abin da zai iya bayarwa na ɗan lokaci, kamar sa'ad da firiza ke tashi. Ta aiki tana kan ƙaramin allon bayanai ko a littafin da ya zo da shi, kuma kullum ta fi ƙanƙanta. Ko injin Honda EU22i, wanda ake yabo a duniya, 2,200 ce ƙololuwarsa amma 1,800 ne abin da kamfanin ya ce zai riƙe na tsawon lokaci. 'Yar ƙaramar Tiger ɗin nan da ake haɗa mata fetur da baƙin mai, mai lamba 950 a jiki, wajen wat 650 ne ƙarfinta.

Wannan ma ga sabon inji ke nan a wuri mai sanyi. Inji da iska yake ƙona mai, kuma iska tana yin sirara idan aka hau tudu ko rana ta take. Abin da masana injuna suka saba ƙiyastawa shi ne ana rasa kimanin kashi 3 cikin 100 na ƙarfi a duk hawan mita 300. Jos tana kan tsayin kusan mita 1,200, don haka injin da aka saya a Legas ya riga ya rasa fiye da kashi 10 kafin a ɗora masa komai. Zafin Afrilu da Mayu a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda ake haura digiri 40, shi ma yana zaftare nasa. A haɗa da tsufa, da matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe. Saboda duk wannan, ni shawarata kar a nemi fiye da kashi 75 cikin 100 na lambar aiki. Ragowar ita ce za ta tare firij idan kwamfuresarsa ta tashi, domin a wannan 'yar daƙiƙar tana jan ninki uku zuwa biyar na abin da ta saba ja, wani lokaci ma fiye.

Yanzu lissafin ya zama mai sauƙi. Injin yayana 2,000 ne, kashi 75 ɗinsa 1,500. A cire lodin gida 500, saura 1,000. A ɗauki kashi 85 na wannan, 850 ke nan da za su isa batir. A raba da 55, an sami amfiya 15 da 'yan kai. Ita ce lambar. Da batirinsa mai bolt 24 ne, da 850 ɗin ta ba da amfiya 30.

Inbatarsa daga 10 sai 20 take tsallakawa, babu 15. Muka yi shawara: ko a sa 10 a bar gida yadda yake, ko a sa 20 a rage lodi. Amfiya 20 tana cin wat 1,300, saura 200 ke nan ga gida. Matarsa ta ce firij ɗin babu abin da zai same shi na awa uku idan ba a buɗe shi ba, yara kuma sun riga sun yi barci, talabijin ba ta da amfani. Aka zare firij, aka bar fanka biyu da fitilu. Na danna 20, aka sake jan igiya. Da "ƙas" ɗin ya zo, muryar injin ta ɗan yi ƙasa kaɗan, ta tsaya a nan. Muka tsaya shiru muna jiran na biyun, bai zo ba.

Inda ake taɓawa

Inbatoci da yawa da ake sayarwa a Najeriya da Nijar, duk da sunayensu sun bambanta, tsarin saitinsu ɗaya ne da na samfurin Axpert na kamfanin Voltronic, kuma na Growatt SPF ma ya yi kama da shi. Ana danne maɓallin shiga na 'yan daƙiƙoƙi sai lambobin saiti su bayyana. A irin waɗannan, lamba 11 ita ce iyakar cajin da za a ja daga wutar waje, ita ce muke nema. Lamba 02 kuwa iyakar caji ce gaba ɗaya, na sola da na waje a haɗe. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a rage 02 maimakon 11. Inji zai samu sauƙi, gaskiya ne, amma an ɗaure wa sola hannu, washegari rana ta fito tas batir ya ƙi cika, a rasa dalili. A duba littafin inbatar tukuna, domin akwai kamfanonin da suka sauya jerin lambobin.

Wasu inbatocin sun fi haka wayo. Na Victron, irin su MultiPlus, ana gaya musu ne iyakar amfiyar da za su ja daga inji gaba ɗaya. Su da kansu suke duba abin da gida ke ci, su ba batir ragowar; idan firij ya tashi su rage caji, idan ya mutu su ƙara, idan lodi ya wuce ƙarfin inji ma su tallafa masa daga batir. A nan fa lambar ta ɓangaren inji ce, ba ta batir ba. Wat 1,500 a raba da bolt 230 ya ba da shida da rabi, sai a sa 6. Wanda ya rikita biyun ya sa 20 a wannan gurbin ya ba inbata izinin jan wat 4,600. Na Deye da Sunsynk kuma suna da ƙofar inji daban da ta Nepa, kowace da nata iyakar caji, wanda hakan ke raba mutum da wahalar sauye-sauye.

Sai tsofaffin inbatoci masu nauyi, masu babbar taransifoma a ciki, waɗanda aka fi shigowa da su daga Indiya. Da yawansu ba su da allon saiti, sai dai a sami ɗan maɓalli a baya na caji babba da ƙarami. Cajarsu tana da wani hali: ba ta jan wuta a hankali, kwankwaɗa take yi a ƙololuwar kowane bugu sannan ta saki. Mai jan guga da fizga ya fi saurin gajiya da tsinka igiya a kan mai ja a natse, ko da ruwan da suka ɗebo ɗaya ne. Haka kwil ɗin inji yake ɗaukar zafi fiye da abin da lissafin wat ya nuna. Ga irin waɗannan, a sa kashi 60 a gurbin 85 ɗin da muka yi amfani da shi.

Bayan an saita, kunne da ido su ne alƙalai. Allon inbata yana nuna bolt da hez na wutar da ke shigowa. Idan inji na ɗauke da kaya kuma bolt na tsakanin 210 da 230, hez na kusa da 50, an dace. Idan hez na gangarowa ƙasa da 48, ko bolt na neman faɗowa ƙasa da 200, a rage taki ɗaya. Ya fi kyau a fara daga ƙasa a hau, kuma a bar inji ya yi minti biyu ko uku yana ɗumama kafin a juya masa lodi.

Kada kuma a rage fiye da kima

Wanda ya ga injinsa ya sha wuya yakan ce bari in sa 2 ko 5 in huta. Wannan ma asara ce, sai dai ba ta da ƙara. Inji na gama-gari yana juyawa sau 3,000 a minti ko da ƙwan fitila ɗaya yake ɗauke da shi, kuma wannan juyin kansa mai yake sha. A litar fetur akwai ƙarfin da ya kai kimanin yunit 9 na zafi, yunit irin wanda mitar wuta ke ƙirgawa, amma ƙaramin inji yunit ɗaya da rabi zuwa biyu yake iya mayarwa wutar lantarki idan an ɗora masa kaya daidai. Idan kayan sun yi kaɗan, abin da lita ke bayarwa yana raguwa sosai. Honda ɗin da na ambata, duk da yana rage gudu idan babu lodi, tankinsa na lita 3.6 yana ba da kusan yunit 6 a cikakken lodi, amma bai kai yunit 4 ba idan kwata aka ɗora masa. Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a ranar 29 ga Mayun 2023, wannan bambancin ya zama abin da aljihu ke ji. Wurin da ya fi dacewa inji ya yi aiki shi ne tsakanin rabin ƙarfinsa da kashi uku cikin huɗu. Gara awa uku a nan da awa takwas yana kaɗa iska.

Shi ma batir yana da nasa ra'ayin. Batirin ruwa, dogon nan mai amfiya-awa 200 ko 220, ba ya son a ɗura masa fiye da amfiya 20 zuwa 30. Idan an jera biyu ko huɗu domin a sami bolt 24 ko 48, iyakar tana nan yadda take, don jerawa bolt take ƙarawa ba ciki ba. Saboda haka ko inji zai iya ba da 60, batir ya hana. Tsakanin lambar inji da ta batir, ƙaramar ake ɗauka. Sannan batirin ruwa yana shan caji da sauri har zuwa wajen kashi 80, daga nan ya fara tsotsa a hankali na tsawon awoyi. Barin inji yana ruri domin wannan ragowar ƙona kuɗi ne. Mai sola ya fi dacewa ya tayar da inji da sassafe, ya kai batir wannan matakin, ya bar rana ta ƙarasa. Amma a tabbata yana cika maƙil aƙalla sau ɗaya a mako, in ba haka ba gishiri ya daskare a farantansa ya mutu da wuri.

Litiyam halinsa daban. Ba ya ƙoshi sai ya kusa cika, duk abin da aka ba shi zai karɓa daga farko har kusan ƙarshe. Shi ya sa mutanen da suka sauya daga batirin ruwa zuwa litiyam suke mamakin injin da a da yake iyawa yanzu ya kasa. Amma wannan halin alheri ne idan an saita daidai, don inji zai yi aiki a lodi ɗaya daga farko har a kashe shi, kuma litiyam ba ya damuwa idan an tsaya a kashi 80. Na yayana mai amfiya-awa 100 ne. Daga kashi 20 zuwa 80 amfiya-awa 60 ake buƙata, a kan 20 kuwa awa uku ke nan.

Idan ta ƙi karɓa tun daga farko

Akwai wata matsalar da ke kama da wannan amma ba ita ba ce: inji yana gudu lafiya, inbata ta ƙi ko kallonsa, babu "ƙas" ko ɗaya. Nan ba nauyi ba ne, ingancin wutar ne bai gamsar da ita ba. A inbatoci masu tsarin Axpert, lamba 03 tana da zaɓi biyu. UPS yana karɓar bolt 170 zuwa 280 ne kawai kuma yana da tsanani, APL kuwa yana karɓa daga 90 zuwa 280. Sauyawa zuwa APL yakan warware ta, wasu samfuran ma suna da zaɓi na musamman domin inji. Sai dai a sani, duk wutar da inbata ta karɓa ita ce za ta wuce zuwa kayan gida yadda take, don haka buɗe ƙofa ba ya nufin a bar inji mara lafiya yana aiki. Idan hez ɗinsa ba tare da lodi ba yana 55 ko 45, an taɓa gwamna ne, kuma gyaransa na bakanike ne mai mita a hannu, ba mai saitawa da kunne ba.

'Yar Tiger kuwa, a lissafi za ta iya ba batir mai bolt 24 amfiya 10 idan gida a kashe yake, amma ba ta da AVR, wutarta tana hawa da sauka, kuma inbatoci da yawa ba sa yarda da ita ko an yi yaya. Mafita ga irinta, da ma ga duk wanda inbatarsa ba ta da wurin rage caji, ita ce caja ta daban. A sayi wadda ta dace da bolt da nau'in batir, mai amfiyar da lissafi ya bayar, a haɗa ta daga inji zuwa batir da fis a tsakani, a bar inbata tana ciyar da gida daga batir kamar kullum. Inji zai ga lodi ɗaya da ba ya motsi, kayan gida kuma ba za su taɓa ɗanɗana wutarsa ba. Ga ƙananan asibitocin karkara da shagunan magani masu firijin allurai, ni wannan hanyar na fi natsuwa da ita.

Abu biyu ba a wasa da su. Inji yana shiga ne ta ƙofar shigar wuta ta inbata, ta hanyar makunnin sauya layi da ke raba shi da Nepa. Haɗa shi da ɓangaren fita yana ƙona inbata nan take, kuma wannan aikin na mai haɗa wuta ne da ya san sana'arsa. Na biyu, hayaƙin inji yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum yana barci. Caji yana ɗaukar awoyi, dare ne, ana tsoron ɓarayi, sai zuciya ta raya wa mutum ya shigo da shi zaure ko baranda ko kicin. An rasa iyalai sukutum ta wannan hanyar. A bar shi a fili nesa da taga, a sa masa sarƙa da kwaɗo.

Da aka dawo da wuta bayan kwanaki, yayana ya sake kirana, wai batir ya daina cika kafin a ɗauke. Inbatarsa ƙofa ɗaya gare ta, lamba 11 ɗin da muka rage domin inji ita ce ke riƙe da Nepa ma. Na gaya masa yadda zai mayar da ita 50. Da na je gidan ranar Juma'a na tarar ya yanki kwali ya manna a bango kusa da inbatar, ya rubuta da biro: "11. Nepa 50. Inji 20, a zare firij."